Inci Huɗu a Leshin Ummi

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, da muka tashi daga darasin ɗinki, na ji Nabila tana gaya wa ƙawarta a bakin ƙofa wai gyaran kaya ai ba ɗinki ba ne, layi biyu ne kawai mutum zai ja gefe da gefe, shi ke nan. Ban tanka mata ba domin bas ɗinsu ta iso. Amma tun da yau kun cika, kowa ta kife wayarta a kan tebur, zan ba ku labarin layi biyun nan, da kuma kalmomi biyu na Turanci da suka fi kowace kalma yawo a shagon nan, wato take in. Ku da aka haifa a Manchester gani kuke kun san su tun kuna rarrafe. Ni kuwa da su na ci abinci duk tsawon zamana a ƙasar nan, kuma har gobe idan na ji an faɗe su sai na ɗaga kai na kalli fuskar mai magana kafin in kai hannu kan almakashi.

A Kano na koyi ɗinki, a kan keken ƙafa na yayata. Can sabon yadi ake kawo miki, atamfa ko shadda, ki shimfiɗa ki yanka yadda ranki yake so. Da mai gidana ya samu gurbin karatun injiniya a Birmingham muka taho, zaman flat ya ishe ni tun ba a je ko'ina ba. A hanyar kai yara makaranta akwai wani ɗan shagon gyaran kaya na wata dattijuwa 'yar asalin Jamaika, Misis Dorin. Kullum sai na rage tafiya a gaban gilashinta ina leƙe. Wata rana na yi ƙundunbala na shiga da wata riga da na ɗinka da hannuna. Ko kallon gaban rigar ba ta yi ba. Juya ta ta yi ciki waje, ta bi ɗinkin da farce tun daga hammata har ƙasa, sannan ta ce in zo ranar Litinin.

Aikin farko da na gani a shagon wandon wani direban bas ne. Ta sa masa tef a ƙugu, ta miƙo mini wandon, ta ce in yi masa take in. Na auna maganar da Turancina na sakandare: take ɗauka, in ciki. Sai na ɗauki wandon na kai ɗakin ciki na rataye shi da kyau, na dawo na tsaya ina jiran aiki na gaba. Matar nan ta yi dariya har sai da ta cire tabarau. Da ta nutsu ta ce ban yi ƙarya ba, wannan ma take in ne, shi ake faɗa idan hadari ya haɗu aka ce a kwashe shanya a shigar ɗaki. Amma a bakin tela, rage faɗin kaya ake nufi. Ta zaunar da ni ta nuna mini: ba a rage ƙugun wando ta gefe, in ba haka ba aljihu ya gudu baya. Ta tsakiyar baya ake farkewa, a buɗe ɗamarar ƙugun, a ja sabon layi da alli yana sirancewa har ya ɓace a cikin tsohon ɗinki, yadda mai wandon ma ba zai gane inda aka fara ba.

Watanni na yi ba ta bar ni na hau keke ba. 'Yar ƙaramar wuƙar nan ta farke ɗinki, wadda kuke wasa da ita kuna sosa kai, ita ce abokiyar aikina. Cewa take yi wanda bai iya warware aikin wani ba tare da ya ji wa yadi ciwo ba, bai isa ya ɗora nasa a kai ba. Daga nan sai alli, sai fil, sai dutsen guga. Almakashi shi ne na ƙarshe, kuma nata babba ne mai baƙin mariƙi, ba mai taɓa shi sai ita. Mai sabon ɗinki idan ya ɓata, ya koma kasuwa. Mai gyara kuwa abin da aka kawo masa guda ɗaya ne a duniya: kwat ɗin da mahaifin wani ya bari, ko rigar da aka yi wa wata aure a cikinta.

A shagon Misis Dorin na gane kalmomin nan biyu ba sa zama wuri ɗaya. Wata amarya ta zo da rigar da ta saya ta intanet, ta zaro ta daga leda kamar gidan sauro, tana huci tana cewa hoton ne ya yi taking ɗinta in. Na ɗauka ragewa take so. Ashe cewa take an yaudare ta, an yi mata rufa-ido da hoto. Haka kuma lokacin da mai gidana ya samu aiki a Manchester ya riga mu tahowa, wa'adin hayarmu ya ƙare alhali yara ba su gama zangon karatu ba, Misis Dorin ta share mana ɗakinta na sama. Ina ji tana gaya wa maƙwabciyarta ta kan katanga cewa ta yi taking ɗinmu in, ni da yara biyu. Wato ta ba mu masauki, ta ɗauke mu kamar nata. Har tukunya daban ta saya mana saboda ta san abin da ba ma ci.

Da muka dawo Manchester na buɗe wannan shagon a Levenshulme. Mutanenmu suka fara zuwa, matan likitoci da akantoci da ɗalibai, kowa da ankonta, ga kuma Turawan unguwa da siket da labule. Aiki ya fi ƙarfina, shi ne na ɗauki Sandra, wadda kuke gani ranar Laraba. Haifaffiyar Moss Side ce, ta yi aiki a kamfanin ɗinka riguna kafin a rufe shi. Hannunta ya fi nawa sauri nesa ba kusa ba, kuma ba ta son ganin kaya sun kwana a kan ƙusa.

Shekarar korona ita ce shekarar da ba mu ji daɗinta ba. Ba biki, ba suna, ba ɗinkin Sallah. Na kulle shago, na kwashi keke ɗaya na kai falo, ina ɗinka takunkumi da guntayen atamfa. Cikin wannan hali wani tsoho a layinmu, Mista Harold, ya rataye kwat ɗinsa a ƙofar shingenmu ya ja da baya. Matarsa ce ta rasu, za a yi jana'iza, shi kuma ya rame har kwat ɗin ya zama kamar na aro. Daga nesa na auna shi da ido, na sa shi ya naɗe bayan kwat ɗin da hannu ina kallo. Yana tsaye sai ya ce, a hankali, "I can't take it in." Na buɗe baki zan ce masa kada ya damu ai aikina ne, sai na ga ba kwat ɗin yake kallo ba, tagar gidansu yake kallo. Nufinsa abin ya ƙi shiga kansa, zuciyarsa ta kasa ɗaukar cewa babu ita. Na rage masa kwat ɗin ta baya da gefe, na farke shafin ciki na mayar da hannu, na goge, na rataye masa a ƙofarsa da safe.

To, duk waɗannan ma'anonin na Turawa ne, kuna iya samunsu a ƙamus. Akwai guda ɗaya tamu ta gida Najeriya, wadda ku ba ku sani ba, Sandra ma ba ta sani ba, kuma ita ce ta kusa cinye mana leshi.

Leshin na Ummi ne. Ummi 'yar Zariya ce, tana bincike a kan magunguna a jami'a, suna zaune a Old Trafford da mijinta Sadik. Tun tana amarya nake yi mata ɗinki, Anti Rabi take ce mini. Sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba, kuma sau biyu tana samun ciki yana zubewa bayan an riga an sanar da dangi. Ƙanwarta za ta yi aure a Birmingham, inda iyayensu suke, aka aiko da anko daga Kano: leshi ruwan zuma, mai nauyi, an cika shi da duwatsu. Yadin a ƙididdige ya zo, kowa da nata, ko ƙyalle bai yi saura ba. Na ɗinka mata doguwar riga mai kama jiki, da manyan hannuwa masu zubowa har gwiwa, tun saura wata biyu biki. Ta gwada, ta yi mata cif, ta tafi da abarta.

Ranar Alhamis, biki jibi, na tafi wajen GP, likitan unguwarmu, da safe saboda gwiwata. Ashe ina fita Ummi ta bugo wayar shago daga wajen aiki, tana magana ƙasa-ƙasa. Sandra ta ɗauka. Ummi ta ce a gaya wa Anti ta yi taking in, mijinta zai kawo rigar a gyara. Ba a jima ba sai ga Sadik da riga a jaka. Sandra ta tambaye shi kamar nawa. Bawan Allah ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce kamar huɗu, ya juya ya fice da sauri wai ya bar mota a inda ba a tsayawa.

Sandra ta ji take in, ta ji huɗu. Me kuke so ta yi? Ta raba inci huɗu gida biyu, ta ja alli, ta bi layin da filaya tana cire duwatsu ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a kofi don kada su karya allura, ta hau keke ta ɗinke. Irin wannan leshin kuwa dole a datse abin da ya yi saura a ciki, in ba haka ba ya yi tudu a jiki. Ina turo ƙofa na ji ƙarar almakashi, ƙaras, ƙaras. Ta ɗago da fara'a tana gaya mini ta kusa gama rigar Ummi, yarinyar ta rame ne. Na ce Ummi da na gani a masallaci ranar Juma'a fuskarta ta cika? Na ce ta maimaita mini abin da Ummi ta faɗa, kalma da kalma.

Sandra ta ce, "She said she's taken in."

Jakata ta faɗi ƙasa. Na ce, "Sandra, ajiye almakashin nan. Ba rigar ba ce. Ita ce."

A Turancinmu na gida, idan aka ce mace ta yi taking in, juna biyu ta samu. Huɗun da Sadik ya faɗa watanni ne. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a tsakiyar shago ba, har mai gyaran waya na kusa da mu ya leƙo. Na kama hannun Sandra ina juyi da ita, gwiwar da na kai wa likita ma na manta da ita. Ita kuwa ta ƙame, idonta a kan tebur. Sai a lokacin na bi inda take kallo. Gefen hagu ya riga ya tafi. Ga siririn leshin nan a kwance kamar igiya, ko maɓalli ba zai rufe ba. Rigar da ake so a buɗa, an rage ta, kuma babu irin yadin a duk faɗin ƙasar nan.

Sandra ta ce ita za ta je ta faɗa da bakinta. Na ce ba laifinta ba ne, Turancinta daidai ne, na Ummi ma daidai ne, haɗuwa ce kawai ba su yi ba. Muka kulle shago muka hau bas mu biyu zuwa Old Trafford, riga a cinyata, ina juya ta ina neman inda zan samo yadi. Kafin mu sauka idona ya tsaya a kan hannuwan nan masu zubowa.

Ummi ta dawo daga aiki ke nan. Da ta buɗe ƙofa ta gan ni sai ta rufe fuska da mayafi, kunya ta kama ta. Na rungume ta na yi mata addu'a, sannan na zaro rigar na nuna mata ɓarnar. Ta kalli rigar, ta kalli Sandra, na ba ta labarin inci da wata, sai ta zauna a kan matakala tana dariya tana share hawaye. Ta ce da Hausa ta so ta faɗa mini, amma bakinta ya kasa ɗauka, shi ya sa da ta ji Sandra ce ta ɗauki wayar ta fake da Turanci. Daga nan fuskarta ta canza. Ta ce ba wanda ya sani sai Sadik, ko mahaifiyarta ba ta gaya wa ba, domin ba za ta iya sake ganin an yi murna sannan a dawo ana yi mata jaje ba. Idan ta je bikin ƙanwarta ba anko, tambaya za ta yi yawa. Idan ta sa riga mai matse ciki, kowa zai gani.

"Anti, ki rufa mini asiri zuwa lokacin da likita zai ce na wuce haɗari," in ji ta.

Na sa mata tef na auna. Na ce ta tafi Birmingham abinta, rigarta za ta same ta a can.

Da yammar nan muka farke gefen dama muka daidaita shi da na hagu. Na shimfiɗa hannuwan, na daɗe ina kallon zanen furen kafin in yanka, domin dole furen da zan ɗauko ya haɗu da na jikin rigar kamar tare aka saƙa su. Na rage hannuwan zuwa gwiwar hannu, na fitar da dogayen ƙyallaye biyu. Sannan na buga wa Misis Dorin waya. Ta daɗe da barin aiki, ido ya yi rauni, amma tana jin labarin ta ce mu taho da safe, teburin cin abincinta yana nan, kekenta ma yana nan.

Ranar Juma'a muka shiga jirgin ƙasa zuwa Birmingham ni da Sandra, kofin duwatsu a cikin jakarta an ɗaure bakinsa da leda. Tun a jirgin ta fara mayar da duwatsun bakin hannu da allura, wata Baturiya a kujerar gaba tana ta leƙe. Muna isa Misis Dorin ta shafa ƙyallayen da yatsu, ta ce kada mu dasa su a miƙe. Ta sa muka naɗe kowanne ya yi ninki zuwa ciki, muka kama bakin ninkin da ɗinkin hannu mara ƙarfi. A tsaye riga ta zauna sumul kamar ado ne aka yi mata. Idan mai ita ta zauna ko ta ci abinci ta ji matsi, zare ɗaya za ta ja, ninki ya saki. Ban taɓa ganin wannan dabarar ba duk zamana da ita. Na ce mata ashe akwai abin da ta ɓoye mini. Ta ce ba ɓoyewa ta yi ba, mai ciki ce ba ta zo ba a lokacina.

Mu uku muka duƙufa a kan rigar nan, ni a keke, Sandra a duwatsu, tsohuwa tana zura mana zare da lalube tana ba da umarni. Bayan la'asar Ummi ta sulale daga wajen ƙunshi ta zo, hannuwanta a sama saboda lalle, mu muka zura mata. Ta tsaya gaban madubi ta juya hagu, ta juya dama, ta ja numfashi har ƙasa ta sauke. Rigar ba ta ce komai ba. Sandra ta zube a kujera ta ce a ba ta shayi.

A wajen biki ina zaune ina kallon ankon nan yana wucewa kala ɗaya, ɗinki daban-daban. 'Yan mata biyu suka zo suna tambayata wane sabon yayi ne na yi wa Ummi a gefe, su ma suna so. Can sai na hango mahaifiyarta, Hajiya Binta, ta jawo ta za ta gyara mata ɗaurin ɗankwali. Hannunta ya sauka a gefen rigar, ya tsaya. Na ga yatsunta sun shiga cikin ninkin sun fito. Matar da ta haifi shida, ta kuma yi shekaru tana hulɗa da teloli. Ta ɗago ta neme ni da ido har ta same ni, ta tako ta zauna kusa da ni.

Ta ce, "Rabi, wannan ɗinkin naki akwai magana a cikinsa."

Na ce, "Hajiya, yayi ne."

Ta ce to, Allah ya sa yayin ya ɗore. Ba ta tambayi 'yarta ba. Tashi ta yi ta karɓe farantin da ke hannun Ummi ta miƙa wa wata, ta aika aka ɗauko mata takalmi mara tsini daga mota, ta zaunar da ita kusa da ita har aka tashi. Duk wanda ya zo jan Ummi rawa sai Hajiya ta ce ita ta riƙe ta, hira suke yi.

Allah ya sauke ta lafiya, aka samu mace. Ni na ɗinka kayan suna, Sandra ta saƙa wa jaririyar hula da safa. Bayan an yi arba'in da 'yan watanni, wata Laraba muna aiki sai ga Ummi ta turo keken jaririya, da jaka a kafaɗa. Ta zaro leshin nan ruwan zuma ta ɗora a gaban Sandra, ta ce akwai wani bikin da za ta je, rigar ta yi mata yawa yanzu, tana so a yi mata take in.

Sandra ta kalli rigar, ta kalli jaririyar, ta kalli Ummi tun daga sama har ƙasa. Ta ɗauki almakashi ta jefa a aljihun tebur ta tura shi da gwiwa ya rufe. Sannan ta naɗe hannu a ƙirji, da 'yar Hausar da ta tsinta a shagon nan ta ce, "Tsaya tukuna. Inci ko wata?"